Hutun Miji da Mata a Bakin Ruwan Chadi: Jagora Daga N'Djamena Zuwa Dugiya

Bahaushe matafiyi ne tun asali, amma kusan kullum tafiyarsa da dalilinta: fatauci, neman ilimi, aikin Hajji, jinya, biki ko ta'aziyya. Abin da bai cika shiga lissafinmu ba shi ne maigida ya ɗauki uwargida su tafi wani wuri su biyu kawai, don su huta, su sami sararin hira ba tare da sallamar baƙo ko kukan yaro ya katse su ba. Waɗanda suka fara yin haka yanzu galibi Dubai ko Masar ko Turkiyya suke nufa, su kashe dukiya mai yawa, su dawo da gajiyar kasuwa da cunkoso. Ga kuwa N'Djamena nan gabas da Borno, birni a bakin kogi, inda agogo ɗaya muke bi da su, ana kiran salla a kan lokaci, ana cin tuwo da miyar kuɓewa, kuma ana jin Hausa a kasuwa.

Wannan jagora ta ma'auratan da ke son kwana biyar ko shida na natsuwa a bakin ruwa ce. Irin wannan hutu a Chadi mai yiwuwa ne, kuma mai daɗi ne, amma sai an shirya masa: a zaɓi lokaci, a kammala takardu, a kuma san inda ya kamata a tsaya.

Ku fara sanin ruwan

N'Djamena tana zaune ne a mahaɗar koguna biyu, Shari da Logon, daura da garin Kusiri na ƙasar Kamaru. Daga nan Shari ya miƙa arewa, yana raba Chadi da Kamaru, har ya zube a Tafkin Chadi bayan tafiyar da ta haura kilomita 100. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kai wa tafkin ta nan yake bi. Mu ma muna da namu ɗan kason a ciki, domin ruwan Kogin Kano da na Challawa yana bi ta Haɗeja ya shiga Komadugu Yobe, ita kuma ta kai shi tafkin ta ɓangaren arewa.

A 1963 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye shi har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na haka, kodayake ɓangaren kudu yana samun ruwa sosai a shekarun da damina ta yi albarka. Tafki ne marar zurfi, cike da tsibirai da ciyawar ruwa, mazaunin Buduma da Kanembu da Kotoko da Larabawan Shuwa, da Hausawa masunta da 'yan kasuwar banda. Saboda shi ne aka kafa Hukumar Raya Tafkin Chadi a 1964, kuma hedkwatarta tana N'Djamena.

Dole a faɗi gaskiya a nan. Tsibiran tafkin da lardin Lac, wanda Bol ce babban birninsa, fagen rikicin Boko Haram ne. A Maris 2020 an kashe sojojin Chadi kusan 100 a Bohoma, a Oktoba 2024 kuma an kashe kimanin 40 a Barkaram. Rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen yankin, wadda ita ma a N'Djamena take da hedkwata, tana can tana aiki. Don haka kada wani mai jirgi ko ɗan rakiya ya ruɗe ku da cewa zai kai ku tsibiri ku dawo. Iyakar hutunku ita ce gaɓar Shari, daga cikin birni zuwa Dugiya, sai Hajar al-Hamis idan masu tsaro sun ce hanya lafiya. Ruwan da za ku zauna a gabansa a nan shi ne dai ruwan da ke cika tafkin, da kifinsa da tsuntsayensa da dorinarsa.

Lokacin da ya dace

Ku sa tafiyar tsakanin farkon Disamba da tsakiyar Fabrairu. Damina a N'Djamena tana kamawa daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ce mafi ruwa, hanyoyin ƙasa kuma suna zama laka. Kogin kansa ba ya kai maƙurar cikarsa sai wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, saboda ruwan da ya sauka can kudu, a Afirka ta Tsakiya da kudancin Chadi, yana ɗaukar makonni kafin ya iso. A 2022 da 2024 ambaliya ta mamaye unguwanni na bakin kogi a wannan lokaci. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi yana haura digiri 40, kogin ya ja baya, rairayi ya fito a tsakiyarsa.

A Disamba da Janairu ruwa yana nan da yawa amma ya lafa, rana ba ta da tsanani, dare da asuba akwai sanyin hunturu irin wanda kuka sani a Katsina ko Damagaram, sauro ya ragu, tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai sun iso. Ku ɗauki rigar sanyi da man shafawa, mai asma kuma ya riƙe maganinsa saboda ƙura. Ku kauce wa makon zaɓe da ranakun da aka kira zanga-zanga.

Takardu

Chadi ba ta cikin ECOWAS, saboda haka katin tafiya na ƙungiyar ba zai yi muku aiki ba. Kowannenku yana buƙatar fasfo na ƙasa da ƙasa wanda ya rage masa aƙalla wata shida. A tsarin da aka daɗe ana bi, ɗan Najeriya da ɗan Nijar suna shiga ba tare da biza ba idan zaman gajere ne, amma dokar shige da fice tana sauyawa, don haka ku tuntuɓi ofishin jakadancin Chadi kafin ku biya kuɗin tikiti. Ana tambayar katin rigakafin shawara, kuma allurar tana fara aiki ne bayan kwana goma, kada ku bari sai ana gobe tafiya.

Akwai ƙa'idar da baƙi da yawa ke mantawa: baƙo yana yin rajista a wurin 'yan sandan shige da fice cikin awa 72 da isowarsa. Ku tambayi jami'in da ya buga muku hatimi a filin jirgi ko ta hau kanku, ku tafi da ƙananan hotuna irin na fasfo, kamar huɗu kowanne. Manyan otal sukan taimaka wa baƙinsu da wannan. Fita daga birni zuwa karkara kuma ana neman takardar izinin zirga-zirga daga baƙi, kamfanin yawon buɗe ido mai rajista shi ke nemo ta. Ku haɗa da takardar shaidar aurenku, ku yi kwafin komai, ku ajiye hoton kowace takarda a wayoyinku biyu.

Batun hoto a kiyaye shi sosai. Ba a ɗaukar fadar shugaban ƙasa, barikin soja, filin jirgi, gadoji ko shingen jami'an tsaro, kuma ba a tsayar da mota a gaban fadar. Wanda ke ɗauke da babbar kyamara ya nemi izini a rubuce.

Hanya

Tsohuwar hanyar da alhazai da fatake suka bi ita ce Kano zuwa Maiduguri, zuwa Dikwa, zuwa Gamboru Ngala, a tsallaka Fotokol ta Kamaru, a isa Kusiri, a hau gadar Ngeli a kan Logon a shiga N'Djamena. Direbobin manyan motoci suna bin ta har yau, amma ta ratsa yankin da aka sha kai hari da dasa nakiya. Wanda ya fito hutu da iyalinsa ba shi da dalilin bin ta. Ku hau jirgin sama zuwa filin Hassan Djamous, wanda ke cikin birnin. ASKY da Ethiopian Airlines suna cikin kamfanonin da ke sauka a can. Ku nemi tikitin da ba shi da doguwar jira a wata ƙasa, ku kuma zaɓi wanda ke sauka da rana idan ya samu. Ku sa otal ya aiko mota ta ɗauke ku, ku karɓi sunan direba da lambarsa tun kuna gida.

A cikin gari akwai tasi masu launin rawaya da 'yan acaɓa da ake kira kilando. Ga miji da mata, abin da ya fi shi ne ku sami direba ɗaya ta hannun otal, ku yi jinga da shi ta yini. Ku yanki layin waya na Airtel ko Moov Africa da fasfo ɗinku, lambar ƙasar kuma 235 ce.

Kuɗi

Kuɗin Chadi sefa ce ta Afirka ta Tsakiya, irin ta Kamaru. Darajarta ɗaya da sefar Nijar, kowace 655.957 a kan yuro ɗaya, amma takardun daban ne, kuma ba a karɓar ta Nijar a kasuwar N'Djamena sai an canza. Ku riƙo yuro ko dalar Amurka sabbin takardu ku canza a banki ko wurin canjin da otal ya amince da shi. Akwai rassan Ecobank da UBA a birnin, amma kada ku dogara da katin banki, domin a wajen manyan otal tsabar kuɗi ake so. Ku tanadi ƙananan takardu saboda canji yana wuya.

A kasuwa da bakin kogi da riyal ake lissafi, riyal ɗaya sefa biyar ce, daidai da yadda mutanen Maraɗi da Zinder ke ƙirga da dala. Idan mai kifi ya ce riyal ɗari, sefa 500 yake nufi, idan ya ce riyal dubu, sefa 5,000 ke nan. Duk cinikin da ya yi nauyi, ku sa a rubuta adadin a waya da lambobi. N'Djamena birni ne mai tsadar masauki, saboda yawancin kaya daga nesa ake shigo da su. Ku raba kasafin gida huɗu: tikiti, masauki, mota da abinci, sannan ku ware wani kaso da ba za a taɓa ba sai larura. Ku zauna ku biyu ku amince da adadin kuɗin tsaraba tun kafin a tashi.

Masauki

Abin da kuka zo nema shi ne ruwa da shiru, saboda haka ku nemi otal da ke kan gaɓar Shari. Radisson Blu da ke unguwar Sabangali yana bakin kogin, akwai kuma wasu masu sauƙin kuɗi a kan gaɓar. Kafin ku biya, ku yi tambayoyi biyar. Ɗakin yana kallon kogi ko titi? Akwai janareta da ke kwana yana aiki, tunda wutar birnin tana yawan ɗaukewa? Taga tana da raga, ko akwai gidan sauro? Ana yin biki ko kiɗa a harabar a daren Juma'a da Asabar? Akwai wurin zama a waje inda mace za ta sake ba tare da idon jama'a ba? Ku nemi a turo muku hoton ɗakin da za a ba ku, a kuma rubuta farashin da abin da ya ƙunsa.

Yadda za a raba kwanakin

Ranar farko ta sauka ce. Ku yi rajista, ku canza kuɗi, ku yanki layi, bayan la'asar ku zauna a bakin kogi ku kalli masunta suna jefa birgi daga kwalekwale, garin Kusiri yana tsallake. A can ne aka yi yaƙin 22 ga Afrilu 1900, inda Rabe, wanda ya ci Borno ya zauna a Dikwa, ya faɗi, shi ma kwamandan Faransa Lamy ya mutu. Faransawa suka kafa sansani a wannan gaɓa suka sa masa suna Fort-Lamy, sunan da birnin ya riƙe har 1973, lokacin da Shugaba Tombalbaye ya mai da shi N'Djamena.

Rana ta biyu ta gari ce, amma da safe kawai. Ku je gidan tarihi na ƙasa, inda ake nuna kayan yumɓu na mutanen Sao, waɗanda labarinsu ya cika tarihin Borno, da bayanin Tumai, ƙoƙon kan da aka tono a hamadar Jurab a 2001, wanda masana suka ƙiyasta shekarunsa da miliyan bakwai. Ku yi azahar a babban masallacin Sarki Faisal da ke kusa da babbar kasuwa, ku koma masauki.

Rana ta uku ku tafi Gawi, wanda a allo ake rubutawa Gaoui, ƙauyen Kotoko mai tazarar kilomita goma arewa maso gabas da birni. Matan garin maginan tukwane ne, su ne kuma ke yi wa bangon gidaje zane da jar ƙasa da fara da baƙa. Tsohon gidan sarkin, ginin ƙasa mai bene, ya zama gidan tarihi. Ku fara da gaisuwa wurin masu kula da shi, ku biya abin da aka yanka, ku nemi izini kafin ɗaukar hoton kowa.

Rana ta huɗu da ta biyar su ne zuciyar tafiyar. Dugiya, wadda a rubuce za ku gani Douguia, tana kan gaɓar Shari kimanin kilomita 80 arewa da N'Djamena. Ana bi ta Jarmaya, inda matatar man da aka buɗe a 2011 take, sannan a karkata zuwa wajen kogi. An daɗe da sanin wurin da masaukin baƙi mai ɗakuna a ƙarƙashin manyan itatuwa, inda mutanen birni ke zuwa hutun ƙarshen mako. Saboda haka ku je tsakiyar mako, lokacin da ba kowa. Kafin ku tashi, ku sa a kira a tabbatar masaukin yana karɓar baƙi, da wuta da ruwa da abinci. Ku kuma ji ta bakin ofishin jakadancin ƙasarku da kamfanin da zai kai ku a kan halin tsaro na wannan makon, domin wurin kan iyaka yake. Idan ɗayansu ya ce a dakata, ku dakata, ku ƙara kwanakin a gaɓar birni. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Ku fita da sassafe a mota mai ƙarfi, da direba mai jin Larabcin Chadi, tanki cike, da tayar safaya da katan na ruwan sha. A kowane shinge ku rage gudu, ku yi sallama, ku bar direba ya yi magana, ku miƙa takarda idan an nema. Ba a tafiyar dare.

Daga Dugiya ana iya ƙarasawa Hajar al-Hamis, kusa da Karal, wasu duwatsu da aman wuta ya samar suka tsaya su kaɗai a tsakiyar fili. Ɗayansu yana da siffar giwa, har da hanci da ƙafafu. A zamanin da tafkin ke da girma ruwa yana zuwa kusa da gindinsu, yau kuwa gonaki ne da makiyaya a kewaye. Nan ne ƙarshen tafiyarku ta arewa. A je da hantsi, a dawo kafin la'asar.

Rana ta shida ku dawo birni ku yi tsaraba: turaren wuta da humra, waɗanda matan Chadi suka yi suna da su, lafaya, dabinon Faya, da ƙaramar tukunya ta Gawi. Humra ruwa ce, a sa ta cikin babbar jaka, a naɗe kwalbar da kyau.

Game da salla, a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari yana cika salla, don haka ku daidaita niyyarku da tsarin kwanakin, ku tambayi malaminku kafin tafiya.

Shiga ruwa

Yawon kwalekwale shi ne abin da za ku fi tunawa, shi ne kuma ya fi buƙatar kiyayewa. Ku ɗauki mai jirgin da masauki ya sani. Ku gama magana a tudu: nawa ne, awa nawa, ina za a kai, kuma ku biyu kaɗai ne ba za a tsaya ɗaukar fasinja ba. Ku nemi rigar kariya daga nutsewa ga kowannenku, idan babu a fasa. Ku duba cikin jirgin, idan ruwa ya taru ana ta kwarfewa, ku nemi wani.

Lokaci biyu ne masu kyau: bayan fitowar rana zuwa hantsi, da bayan la'asar, a dawo kafin magariba. Maigida ya fara shiga ya riƙe hannun uwargida, a zauna a tsakiya, kada a miƙe tsaye lokaci guda, a tattara lafaya ko babban mayafi kada ya ja ruwa ko ya shiga inji. Waya da fasfo a ƙulle su cikin leda. Idan jirgin mai inji ne, ku ce a kashe shi na ɗan lokaci a bar ruwa ya tafi da ku. A nan ne za ku ga zalɓe a tsaye cikin ruwa, balbela jere a kan reshe, ƙirinjijiya da dinya suna tashi garke-garke, wani lokaci har da gauraka a fadama.

Dorina tana cikin Shari, har a kusa da birni ana ganin ta. Dabba ce mai kifar da jirgi, musamman mai ɗa. Ku kalle ta daga nesa, kada ku matsa wa mai jirgi ya kusance ta don hoto, kada kuma ku yi yawo a gaɓa da dare, lokacin da take fitowa kiwo. Gaɓar yamma ƙasar Kamaru ce, kada ku sauka a can. Kada ku yi wanka ko iyo a kogin, saboda tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini, tana shiga ta fata ne.

Ci da sha da lafiya

Abincin Chadi ba zai zame muku baƙo ba. Tuwonsu na gero ko dawa ko masara esh suke ce masa, ana ci da miyar kuɓewa ko ta busasshen nama. Akwai kisra, wadda ta yi kusa da sinasir amma ta fi shi siranta, akwai karkanji, wato zoɓo, ga shayi mai kauri a ƙananan kofuna. Amma abin da ya kawo ku bakin ruwa shi ne kifi: giwan ruwa, wanda a takardar abinci ake rubutawa capitaine, da karfasa da tarwaɗa. Ku zaɓi wanda aka kama a ranar, mai jan kunne da ido garau, a gasa shi a gabanku, ku ci da zafinsa. Ku sha ruwan roba mai hatimi, ku guji ƙanƙarar da ba ku san ruwanta ba da ganyen da ba a dafa ba.

Kafin tafiya ku ga likita a kan rigakafin zazzabin cizon sauro. Ku riƙo man korar sauro, gishirin zawo, maganin ciwon kai, da duk maganin da ɗayanku ke sha kullum, wanda zai kai ku har ku dawo da ragowa. Mai juna biyu ta nemi shawarar likita kafin a sayi tikiti. Idan zazzaɓi ya kama ɗayanku a can ko bayan dawowa, a yi gwajin jini a ranar.

Faransanci da Larabci ne harsunan hukuma, Larabcin Chadi kuma shi ne na kasuwa da titi. Sallama tana buɗe kowace ƙofa. Ku riƙe afe don lafiya, shukran don godiya, almi don ruwa, hut don kifi. A babbar kasuwa da wajen mahauta da masu canji ba za ku rasa mai jin Hausa ba, domin jikokin alhazan da suka bi ta nan a ƙasa suka zauna suna nan har yau.

Tsakaninku biyu

Duk wannan shiri zai tashi a banza idan kuka kwaso hayaniyar gida kuka zo da ita. Yara a bar su hannun wanda hankalinku ya kwanta da shi, a sa lokaci ɗaya a rana na kiran su, bayan magariba misali. Mutum ɗaya a dangi ya san inda kuke kowace rana da lambar direbanku. Bayan wannan, waya ta zauna a jaka.

Maigida, kada ka mai da tafiyar ta neman kasuwa. N'Djamena cike take da abokan hulɗar 'yan kasuwannin Kwari da Dawanau, kuma idan ka ce bari ka leƙa wurin wani ka dawo, uwargida za ta yini ita kaɗai a ɗakin otal a ƙasar da ba ta jin yarenta. Kada ku karɓi saƙon kowa. Uwargida, ke ma ki bar jerin sautun ƙawaye zuwa ranar ƙarshe. Kowannenku ya zaɓi abin da za a yi a yini ɗaya, ɗayan ya bi da daɗin rai. Idan akwai maganar da ta daɗe tana cin ku, kada a buɗe ta a daren farko. A bari sai jiki ya huta, a yi ta da safe a bakin ruwa, a kuma rufe ta kafin a tashi daga wurin.

Mai mata fiye da ɗaya ya tsara adalci tun kafin ya ambaci tafiyar. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Wadda ba a tafi da ita ba ta san yaushe ne nata, a kuma cika alkawari.

Sauran tafkuna

Wanda ya ga Shari ya so ƙari, Chadi tana da wasu ruwaye. Tafkin Fitri yana gabas da N'Djamena a lardin Batha, kusa da Yao, mazaunin sarkin Bilala, kuma tun 1990 aka sa shi cikin dausayoyin da duniya ke karewa saboda tsuntsayensa. Tafkunan Uniyanga guda 18 suna can arewa a tsakiyar Sahara, UNESCO ta sa su cikin kayan gadon duniya a 2012. Dukansu tafiya ce ta kwanaki da motoci masu ƙarfi da kwana a tanti, sun dace da waɗanda suka riga suka san ƙasar.

Ga ma'auratan da za su fita karon farko, gaɓar Shari ta wadatar. Ku fara da fasfo da allurar shawara tun watan Satumba, ku riƙa ware kuɗin kaɗan-kaɗan, ku sayi tikiti bayan kun ji halin tsaro daga bakin waɗanda ke can. Ku tafi da niyyar kyautata wa juna, ku girmama mutanen da kuka sauka a ƙasarsu, ku tsaya inda masu tsaro suka ce a tsaya. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya ƙara danƙon zumunci a gidajenku.